Gambar Iyaka Da Ta Ci Ran Maƙwabcina

Da za a ba ni damar goge abu ɗaya daga rayuwata, da maganar da na yi a bakin masallacin ƙauyenmu wata ranar bazara zan goge. Ba zan ambaci sunan kowa ba, laifin ma nawa ne.

A lokacin ina da ƙarfina. Manomi ne ni a wani ƙauye gefen Ɗanbatta, karatuna bai wuce allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, amma idan na yi magana matasa suna ji. Gonata tana jikin ta wani Bahaushe Kirista, ɗan unguwar da kakanninsu suka bar maguzanci suka shiga coci. Tare muka yi kiwon awaki muna yara. Layin gamba ne ya raba gonakinmu, iyayenmu suka dasa shi, kuma kowane manomi ya san ana yankar gambar iyaka a yi zana, amma ba a tone saiwarta. A kan layin akwai wata ɗorawa da na daɗe ina ganin tawa ce ni kaɗai, shi kuma yana cewa rabawa aka saba yi.

A shekarar ne wasu matasa Turawa, maza da mata, suka sauka a unguwarsu. Cocinsu ne ya turo su su yi 'yan makonni suna haƙa rijiya da duba masu ciwon ido. Har innata ta je an ɗiga mata magani. Maƙwabcina ya ba su ɗakuna, sai suka ga ya kamata su saka masa da taya shi sharar gona. Ranar da ya tafi kasuwa suka ɗauki diga da fartanya suka shiga. Da suka ga gamba suka ɗauka ciyawar banza ce, suka tone ta kakaf, suka tara suka cinna wuta, suna dariya suna ɗaukar hoto.

Yana dawowa ya zo ƙofar gidana da gudu, ko takalmi babu. Ya ce in yi haƙuri, baƙin nan ba su san komai ba, ramukan saiwar suna nan, mu kira mai unguwa a sake dasawa a inda take. Na je na ga ramukan da idona. Na san gaskiya ya faɗa. Amma zuciyata ta ce ga damar da zan raba shi da ɗorawar nan. Bayan sallar azahar na tsaya na ce wa jama'a an cire iyakata ne don a haɗe gonata a gina coci, Turawan ma har sun auna sun ɗauki hoto. Ni a tunanina tsoratar da shi za a yi ya bar mini bishiya.

Kafin la'asar mutanen da suka taru sun fi ƙarfin bakina, wasu ma ban san daga wane ƙauye suka zo ba. Gora, adda, barandami, kowa da abin da ya samu. A bakin rijiyar aka fara. Aka doke tafintan baƙin har ya daina motsi, aka fasa wa wata yarinya Baturiya goshi da dutse, jini ya rufe mata ido tana laluben hanya. Sauran baƙin suka ja ta suka gudu suka shige ɗakin da maƙwabcina ya ba su. Aka cinna wa rumbun maƙwabcina wuta, dawar da zai ci da damina tana ƙonewa tana fashewa. Shi kuwa ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ware hannuwa, ya ce baƙinsa ne, sai dai a bi ta kansa. Ya hango ni cikin taron, ya kira ni da sunan da ake tsokanata da shi muna yara, ya ce don Allah in faɗa musu abin da na gani a gona. Na sunkuyar da kai. Sara na farko a hannu ya same shi, na biyu a wuya. Wanda ya yi na biyun ɗan ƙanena ne, yaron da na yi wa huɗuba da bakina.

Limaminmu tsoho ne, da sanda ya iso. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kan mutumin a cinyarsa, ya tambaye mu wane littafi ne ya ba mu wannan izini. Taron ya watse kafin 'yan sanda su zo. Maƙwabcina ya cika a mota kan hanyar asibiti. Aka kwashe baƙin, aka kama yara da yawa, ɗan ƙanena ya daɗe a gidan yari ya fito ba shi da cikakken hankali. Ni da na kunna wutar ba wanda ya taɓa ni, don ban ɗaga ko tsinke ba.

Sai da furfura ta cika mini kai na nemi matarsa a garin da suka koma. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba. Ta ce ita ta daɗe da sani, mijinta ya gaya mata na ga ramukan, in je in faɗa wa waɗanda na yi wa ƙaryar. Na koma na tsaya a gaban jama'a na faɗa. Wasu suka ce Baba ya fara ruɗewa, wasu suka ce abin da ya wuce ya wuce. Ni dai bai wuce mini ba, kuma wanda zai yafe mini yana ƙasa.

Abin da na gane shi ne, na ɗauki kwaɗayina na sa masa rigar addini, mutane suka bi rigar. Ina roƙon mai karanta wannan, idan wani ya tsaya yana kiran ku ku kare addini, ku fara zuwa ku gani da idonku, ku tambaya me ke tsakaninsa da wanda yake nunawa. Idan kuma kai ne mai bakin da ake ji, don girman Allah kada ka yi abin da na yi.