Ranar da Kawu Ya Mutu a Gidan Surukai

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da muka je nema wa ƙanena aure a Salaga ba. Daga Bawku na taso, na biya Yendi na ɗauki kawunmu, don shi ne bakin danginmu. Mutum ne mai jiki da kaurin wuya, ga munshari kamar injin niƙa. Mu dai dariya muke masa, muna cewa lafiya ce ta yi masa yawa.

Surukan suka cika mu da sakwara. Bayan azahar muka zauna a zaure, uban yarinyar ya kama tarihin kakanninsa fatake. Bai kai kaka na uku ba, Kawu ya saki munshari daga zaune. Kunya ta rufe ni, na ce, "Baba, haka yake yi in yana nazari."

Sai munsharin ya ɗauke ɗif. Baki a buɗe, ƙirji na motsi kaɗan, amma numfashi babu. Uban yarinyar ya leƙa fuskarsa, ya saki salati. Mata suka jiyo daga cikin gida suka fasa kuka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, tunanina yadda zan kai gawa Yendi a wannan hanyar.

Kwatsam Kawu ya ja wani gurnani, ya zabura ya ce, "Mun amince!"

Zauren ya ɓarke da dariya, ban da gwaggon yarinyar, tsohuwar nas, da ta fito da gudu daga cikin gida. Ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura masa a hannu. Da ta duba, fuskarta ta canza.

"Alhaji, kana tashi da ciwon kai da safe?"

"Hajiya, aure na zo nema, ba magani ba."

Ta ce maƙogwaronsa ne ke toshewa in ya yi barci, iska ta yanke, zuciya ta yi ta fama. A haka jini ke hawa, wata rana sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ta juya ga ɗan'uwanta ta ce, "Yaya, kada ka ba su amsa sai ya kawo takardar likita."

Ƙanena ne ya tisa shi gaba har asibiti a Tamale, da ƙwazon da ban taɓa ganinsa da shi ba. Aka samu hawan jini, har da suga. Aka ba shi magani da na'urar da ke hura masa iska in zai kwanta, aka ce ya rage tumbi. Aure ya ɗauru, Kawu kuma yana nan da ransa.

Shekara da shekaru mutumin nan yana shaƙewa a gabanmu, mu muna dariya. Tun daga ranar, in na ji mai munshari ya yi shiru, ba na dariya, sai na raka shi an auna jininsa.