Toka ko Taki

A shekarar da aka kulle gari saboda annoba, har Juma'a aka daina fita, na zama manomi a bayan gidana. Bazara ce, azumi na ƙaratowa, masu kawo mana ganye daga Giginyu sun daina leƙowa, miya kullum kuka.

Mai kula da lambun maƙwabcina, wani dattijo mutumin Jigawa, shi ya tausaya mini. Ranar da zai tafi ƙauye kafin a rufe hanya, ya bar mini ƙulli a hannun maigadi. Irin jan alayyahu ne, ƙanana baƙaƙe kamar kwalli, bai cika cokali ba. Saƙon da ya bari shi ne, irin na marigayiya mahaifiyarsa ne, shi kaɗai ya rage masa, kuma aro ne: in ci ganye, in mayar da iri. Cikin ƙullin akwai 'yar takarda da ajami, ba wasali ko ɗaya. Ta ce a gauraya irin da wani abu mai harafi biyu, ta da kaf.

Ni da tun ina yaro nake karanta wa mutane wasiƙu, ban ko tsaya ba, na ce taki ne. Na kwaso ɗanyen kashin kaji daga akurki, na cakuɗa, na watsa da bisimilla. Allah ya taimake ni rabi kawai na zuba. Kwana huɗu suka leƙo, jajaye siri-siri. Na tara mutanen gida kowa ya gani, har da mai girki da ludayi a hannu. Kwana biyu bayan haka, kafin Azahar, sun ƙone ƙurmus.

Da ƙyar wayar dattijon ta shiga. Da na faɗa masa, ya yi dariya har ya sarƙe.

"Toka, Alhaji, toka. Don irin ya warwatsu a hannu. Wa ke zuba ɗanyen kashin kaji da wannan rana?"

Na ce laifinsa ne da bai sa wasali ba. Ya ce shi ya ɗauka mai gemu yake rubuta wa. Sai kuma ya tambaya a hankali ko da saura. Na ce rabi.

Rabin nan na lallaɓa kamar jinjiri. Na gyara wani wuri gindin mangwaro, na ɗebo toka a murhun maigadi, na kafa sanduna na ɗora tsohuwar tabarma don inuwa. Butata ma can ta koma, alwala biyar duk a kansu nake yi. Suka tashi kuwa. Bayan Asuba ina tsugune ina auna su da ɗan yatsa, ina dariya ni kaɗai. Duk wanda ya kira ya tambayi lafiyarmu, sai ya sha labarin alayyahu har kuɗin wayarsa ya ƙare.

Uwargida ta fito da wuƙa a tsakiyar azumi. Muka yi sulhu: ta yanki duk wanda take so, amma guda uku da na ɗaura wa ƙyallen tsohon rawani, ko kallon banza ba a yi musu. Ta riƙa kiransu alhazai. Da suka fid da kai tsuntsaye suka sa ido, na lulluɓe su da gidan sauro.

Bayan ruwan fari dattijon ya dawo. Na miƙa masa kwalbar turare cike da iri, da 'yar takarda da na rubuta toka, na cika ta da wasulla har sun yi mata yawa. Ya karanta, ya soke ta a hula. Ya zuba irin a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya daɗe yana kallo.

"Na Inna ne," ya ce. "Ka fita haƙƙina, Alhaji."