Laulayin Da Aka Kira Ƙiyayya

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta abin da 'yan'uwa mata ke aikowa wannan shafi, yau ni ma zan sauke nawa kayan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin akwai yaro a tsakani, kuma wata rana zai iya karatu.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai. Ni 'yar Fulani ce, daga wani ƙauye kusa da Babura inda iyayenmu suka zauna suka haɗa kiwo da noma. Na yi sakandare, na iya ɗinkin hula, kuma na tashi a gidan da mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta cewa tana jin yunwa a gaban baƙo, balle ta buɗi baki ta ce tana da ciki. Mijina ɗan Kazaure ne, daga gidajen da ake ji da su, don kakansa ya riƙe sarauta. Yana aikin gwamnati a Roni, ya fita da safe a babur ya dawo da yamma. Auren so muka yi. A bikin wata ƙawata ya gan ni, ya yi ta zarya Babura har Baffana ya amince. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka azzalumi na aura. Mutum ne mai tsafta da son turare, ba ya zagi, ba ya duka. Idan ya dawo aiki yakan riƙo mini soyayyen kifi daga bakin dam, mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yana ba ni labarin ofis ina ɗinki. Duk hular da yake sawa ni na ɗinka ta.

Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta raine shi, kuma gidanta yana bayan layinmu. Yaya nake kiranta kamar yadda yake kiranta. Abin da ta ce shi ne magana a wurinsa. Mun shiga shekara ta uku ban haihu ba, kuma ita ce mai tuna mana. A shekara ta biyu na taɓa yin ɓatan wata, murna ta sa na cire kunya na gaya masa, shi kuma ya gaya wa Yaya, Yaya ta gaya wa dangi. Ba a jima ba al'ada ta zo. A wani taron suna, cikin mata, ta nuna ni tana dariya ta ce ga amaryarsu mai cikin iska. Kowa ya dara, ni ma na yi yaƙe. Daga ranar na ƙudurta cewa ko me zan ji a jikina, bakina ba zai sake riga idon mutane ba.

Da farkon damina jikina ya fara sauyawa. Barci ya aure ni, ina cikin tsince shinkafa sai in farka in ga kaji sun kewaye faranti. Bakina ya riƙa tara yawu mai ɗanɗanon ƙarfe, ƙirjina ya yi nauyi, ko zani ya goge ni sai na ji zafi. Miyar kuka da nake so ta fita raina, ba abin da nake marmari sai ƙanzo da yaji da ruwan tsamiya. Wata ya wuce, amma da yake al'adata dama ba ta da tsari, sai na ce wa zuciyata ta yi shiru. Duk waɗannan zan iya ɓoye su. Abin da ya gagare ni ɓoyewa shi ne wanda ya zo daga baya.

Wata yamma ya dawo da ledar kifi, na je karɓa, ya matso kusa da ni kamar yadda ya saba. Ban san lokacin da na saki ledar na ruga bayan gida ba. Na ɗora laifin a kan kifi, shi ma ya yarda. Washegari ya dawo hannu rabbana, abin ya sake faruwa. A nan na gane ba kifi ba ne, shi ne. Turarensa da nake shinshina a matashi idan ya yi tafiya, shi ne yanzu yake juya mini hanji. Na roƙe shi ya rage turare, ya rage, ba ta sauya zani ba. Ko daga wanka ya fito, ƙamshin fatarsa kaɗai ya isa. Ina wanke rigunansa ina ɗauke numfashi, ina kawo masa abinci na toshe hanci da gefen ɗankwali ina fatan bai lura ba. Ya lura. Na koma kwana a falo da sunan zafi, alhali ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Wallahi ina sonsa a lokacin kamar ranar da aka kawo ni, idan ya fita kewarsa nake yi, idan ya shigo kuma cikina ya hautsine. Ban san yadda zan bayyana wannan ga namiji ba, ni kaina ban taɓa jin mai irinsa ba.

Ya daina zama a tabarma. Ya koma cin abinci a majalisa, ya shigo ya wuce ɗaki ba labarin ofis. Da na ga gidan yana neman mutuwa, wata Asabar da safe yana wanke babur, na tsaya daga nesa na ce masa jikina ya sauya, ina so ya kai ni asibiti a duba, ko Allah ya sa an samu rabo. Bai ɗago ba. Ya matse soso ya ce, "Irin na bara?" Ya ƙara da cewa idan zazzaɓi ne zai sayo mini magani a kemis. Na koma ɗaki da maganata a baki. Ba na fita sai da izininsa, kuma ban sake samun fuskar tambaya ba.

Ya kai ƙara wurin Yaya. Ta zo ta zauna a kujerar falo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce abu biyu ne: ko an yi mana farraƙu, ko kuma akwai wanda zuciyata ta koma wa. Ta tuna cewa kafin damina na je biki gida na yi mako, kuma ta ji labarin wani ɗan'uwana da ake tsokanarmu da shi tun muna yara. Na ce ta yi mini rai, wannan mutumin ko gaisawa ba mu yi ba. Ta ce to za a gani. Ta dawo da garin hayaƙi da jiƙo a galan daga wurin wani mai magani. Aka rufe ni da bargo a kan kasko, na yi amai har na ga duhu-duhu, ta ce alamar abin ya kama ke nan. Jiƙon kuwa na ƙi sha, domin ban san me ke ciki ba kuma ina tsoron abin da nake zaton yana jikina. Da ta matsa, na durƙusa na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, ni dai ina jin ciki ne." Ta yi dariya irin ta ranar sunan nan. Ta ce haihuwarta tara, ba ta taɓa jin cikin da ke sa mace ƙyamar mijinta ba, kuma mai ƙin magani ai ya san ciwonsa.

Wata ranar Juma'a ce ƙarshen zamana. Ya yi shirin masallaci, ya sa babbar riga fara, ya fesa turare son ransa kamar mai hucewa. Yaya tana tsakar gida. Ya ce in miƙo masa hula. Na ɗauko, na riƙe numfashi, na matsa, amma kafin hular ta isa hannunsa abin ya ƙwace mini, ya ɓata masa gefen riga da takalmi. Ya tsaya yana kallon rigar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Tunda ƙyamata kike yi, ki tafi gidanku. Na sake ki saki ɗaya." Ya shiga ya sauya kaya ya tafi masallaci. Yaya ce ta tsaya a kaina har na gama haɗa jaka.

Da na sauka daga bas na ƙarasa gida, Innata ba ta tambaye ni komai ba. Ta dubi idona, ta dubi wuyana, ta juya tafin hannuna, sai ta tashi ta dama mini kunun tsamiya. Ranar kasuwar Babura ta kai ni asibiti. Aka yi gwaji, ma'aikaciyar ta ce ciki ne, har ya yi ƙwari. Na daure na tambaye ta maganar ƙamshi. Ta ce ai laulayi iri-iri ne, wata abinci take ƙi, wata hayaƙin girki, wata kuma mijinta, kuma yawanci yana wucewa da kansa idan ciki ya tasa. Ta faɗe shi tana rubutu, a matsayin abin da take gani yau da gobe. Na fito na zauna a dakalin asibiti na yi kukan da ban yi ba ranar saki. Ashe abin da ya rushe mini gida, tafiyar safiya ɗaya ce za ta warware shi.

Baffa ya aika musu da labari. Kowa ya san mai ciki iddarta sai ta haihu, kuma kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da ni. Na yi zaton kafin rana ta faɗi zan ji ƙarar babur ɗinsa. Amsar da ta dawo daga bakin Yaya ce: shekara uku ba a ga komai ba, sai da aka je biki Babura, don haka a bari a haihu a ga abin da aka haifa. Shi bai faɗa ba, amma yana zaune aka faɗa, kuma bai ce a'a ba. Baffana, dattijon da bai taɓa shiga shari'a da kowa ba, ya kwana biyu bai fita zaure ba. Laulayin ya wuce kamar yadda aka ce, na koma cin komai, jikina ya murje. Ina zaune ina jin motsin ɗansa, mutanen ƙauye suna rage murya idan na wuce rijiya. Sau ɗaya ya aiko da buhun shinkafa ta hannun direba, ba gaisuwa, ba tambayar jiki.

Na haifi namiji. Yaya ta zo barka, ta karɓe shi, ta warware zanin a gaban mata. Ta duba kunnuwa, ta duba goshi, ta buɗe yatsun ƙafa, kamar mai taya rago a kara. Sannan ta washe baki ta ce wannan nasu ne, ubansa sak. Ina kwance ina kallo, jinina bai ko tsaya ba. Suka kawo rago da akwati, aka yi suna na gani na faɗa. Bayan an watse ya zo biko. Da yake idda ta ƙare da haihuwa, sai da sabon ɗaurin aure, sai kuma da yardata. Muka zauna a zaure, ya ce sharrin shaiɗan ne, komai ya wuce. Na ce tambaya ɗaya gare ni. Da yaron nan ya ɗebo dangin Innata, fari siriri kamar mu, yau zai zauna a tabarmar nan? Ya gyara hula, can ya ce, "Ai Allah ya rufa asiri." Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Na tashi na shiga gida, kuma ban koma ba.

Ba zan ce na ci riba ba. Yaron ya fara wayo, yana zuwa Kazaure da salla, ya dawo yana tambayata me ya sa ba ma zama can. Sun riga sun fara maganar karɓarsa idan ya isa makaranta. Uban ya yi aure, ni ina nan ina ɗinkin hula ina kai wa masu sari. Inna kanta takan ce mace ba ta fushi da gidan ɗanta, wasu kuma suna cewa taurin kai ne ya zaunar da ni. Na ji duka. Sakin na yafe tuni, fushi ne da rashin sani. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne watannin da aka bar mutuncina a rataye ana jiran kunnen jariri ya yi mini shaida.

Ga maza nake fara roƙo. Idan matarka ta sauya, ta ƙi abinci, ta ƙi ɗaki, ko ta ƙi jinin kusantarka kai kanka, ka kai ta asibiti kafin ka kai ƙararta. Idan ta taɓa zaton ciki ya zama ba shi ba, kada ka mayar da abin gori, domin ranar da na gaskiya ya zo za ta ji tsoron faɗa. Ku kuma yayye da iyayen miji, haihuwa tara ba ta sa mace ta san kowane ciki, naku kawai kuka sani. 'Yan'uwana mata, idan an toshe muku baki sau ɗaya ku sake buɗewa, ku aika gida, ku nemi wanda zai raka ku a duba. Amma abin da ya fi duka, kada wanda ya kuskura ya jefi mace da zargi a kan cikinta alhali ba shi da hujja. Laulayi wata uku ne ko huɗu ya wuce. Waccan kalmar kuwa, ɗana yana gudu a tsakar gida yanzu, ni har yau ban warke daga ita ba.