Idon Asibiti

Shekara ashirin da biyu matar da ake kira Mai Jan Yatsa ta yi a ɗakin gwajin asibiti, mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Takan shafa majinar masu tari a gilashi, ta rina da ja, ta wanke, ta bi da shuɗi, sannan ta duƙufa kan madubin likita tana farautar ƙwayoyin tarin fuka.

Sau huɗu tana neman a sauya mata wurin aiki, ta koma kusa da 'ya'yanta.

"Haba Yaya," in ji shugaban asibitin yana dariya, "in kin tafi wa zai gani mana?"

Ta yi godiya ta fito. Gilasai goma sha tara na jiranta, sai ta ja kujera ta zauna.