Dawar da muka bari a tsaye

Ko yau aka tashe ni daga barci, zan iya ba da labarin kakar da babban ɗana ya dawo daga fagen yaƙi, don abin ya zauna a raina ba fita.

Ya dawo ba ko ƙwarzane a jikinsa, muka yi ta godiya. Sai da dawarmu ta hanyar Gozaki ta nuna muka gane da saura. Ya ɗauki lauje, ya isa bakin gona, iska ta kaɗa karan, kawai na ga ƙaton namiji ya durƙusa yana kyarma. Ashe a cikin doguwar ciyawa aka yi musu kwanton ɓauna, abokinsa ya rasu a hannunsa. Ranar ya ce zai sayar da gonar, gadon mahaifinsa, ya bar garin.

Ni da ƙannensa muka yanke a kira gayya a share dawar rana ɗaya, ya huta. Kafin nan na raka shi asibitin sojoji. Likitan ya saurare shi tsawon lokaci, sannan ya juyo gare ni.

"Mama, kada a yanke masa. In kun share bana, baɗi fa?"

Na ce, "Likita, tsuntsaye za su cinye."

Ya yi murmushi ya ce, "Su ci rabonsu. Ya riƙa shiga kaɗan kaɗan, kina kusa. Kada a tura shi, kada a hana shi."

Haka muka yi, yana kuma komawa ganin likita. Kullum da hantsi in zauna a bakin gona ina ɓarar gyaɗa, ina ta surutu don ya ji muryata. Maƙwabta har da tsiya: "Hajiya, wai gadin dawa kika koma?"

Wata safiya ya shige har na daina ganin hularsa. Bakina ya mutu. Can daga tsakiya na ji ya ce, "Inna, ci gaba da magana." Na ci gaba, ban ma san me nake faɗi ba. Da ya fito, dami ne a kansa, gumi sharkaf, yana dariya.

Tsuntsaye sun ci da yawa, amma gonar tana hannunsa har yau. Ni da na ɗauka magani sai allura, a nan na koyi cewa ciwon da ba a gani ma yana da likita, kuma wani taimakon shi ne ka zauna kusa, ka bar mutum ya shiga da ƙafarsa.