Mabuɗi a Cikin Hula

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na ga mahaifina tsaye a bakin kasuwar Gusau da dutse a hannu, yana kallon gilashin motar da ba tasa ba. Kansa babu hula, abin da ban taɓa gani a wajen gida ba sai in zai yi alwala. Hular tana kan kujerar direba, mabuɗin motar kwance a cikinta, ƙofofin kuma duk a kulle. A kujerar baya akwai farin yadi a naɗe. Likkafanin kakata ne.

A Bungudu muke zaune a lokacin. Baba manomi ne, gero da dawa da 'yar auduga, keke ne abin hawansa, amma ya koyi tuƙi yana saurayi. Da hantsin ranar muna gona, yana noma ina binsa ina tsince ciyawar da fartanya ta bari, sai ga wani a kan babur daga Tsafe. Ya durƙusa ya ce Inna Dije, mahaifiyar Baba, ta cika. An ce za a jira shi tunda shi ne babba, kuma ya biyo da likkafani daga Gusau, amma da an sallame la'asar za a kai ta, ko ya iso ko bai iso ba. Maƙwabcinmu Alhaji Mamman ya miƙo mabuɗin motarsa tun ba a tambaye shi ba. Abu ɗaya ya ce: in za a fita a danna 'yan maɓallan ƙofa, don Gusau ba Bungudu ba ce. Ni kuwa na riƙe murfin motar ina kuka har Baba ya ce in shiga.

A wurin Inna Dije nake yin yawancin hutuna. Ni ke ba awakinta dusa, in ɗebo ruwa a rijiyar bayan gida, in kori zabi daga shanyar kuɓewa, da yamma mu fita langa a gindin tsamiya. Ramamme ne ni, har a makaranta Sillen Kara ake ce mini. Ita kuma, kamar yadda kaka ke wasa da jika, maigidana take kirana, ba ta gajiya da tsokanar hannuna. Sai ta kama shi ta ɗaga sama gaban baƙi ta ce, "Ku dubi mijin da Allah ya ba ni. Wannan hannun zai riƙe garma ya ciyar da ni?" Tana da wata gora mai dogon wuya a bayan gadonta inda take ɓoye kantu da dabino, kuma duk gidan hannuna kaɗai ke shiga cikinta. Ta san ina ɗiba, ba ta taɓa canza wa gorar wuri ba. Sai dai in ta girgiza ta ji ta yi sauƙi, ta ce, "Hannun maigidana ba na noma ba ne, na shiga gora ne."

Baba yana da wata al'ada da ya tashi da ita. Duk lokacin da zai yi alwala sai ya cire hula, ya zuba abin da ke hannunsa a ciki, agogo ne ko carbi ko goro, ya ɗora ta a kan katanga ko sirdin keke. Da muka sayi yadin aka kira azahar, haka ya yi: ya sa mabuɗin a hula, ya aje ta kan kujera, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ya danna kamar yadda aka ce masa, ya tura ƙofa. Sai da ya shafa kai ya dawo ɗaukar hula sannan ya gane. A haka ya yi sallar, kai a buɗe.

Mutane suka taru. Wani direba ya gwada mabuɗansa, wani ya lanƙwasa waya ya yi ta zurawa, ba ta kama komai ba. Aka ce ya shiga motar haya, amma sai ta cika take tashi, ga likkafanin a ciki, ga amanar mutane da mabuɗinta a fili. Ina kallon inuwar rumfuna tana tsawo. Wani dattijo ya ce, "Malam, hwasa gilashin nan, uwa ba ta da na biyu." Baba ya ɗauki dutse, ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa. Leɓunansa kawai ke motsi.

Wata mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce ta lura gilashin baya bai gama rufewa ba, don mariƙinsa ya cije tun a hanya. Ta ce, "Aje dutsen nan, Malam. Ga ɗanka da hannu awa tsinke." Ta zuba mai a tafinta ta shafe mini hannu har kafaɗa. Baba ya ɗaga ni, maza biyu suka danne gilashin da tafukansu ya ɗan sauka, na zura. Gwiwar hannuna ta tsaya, na juya ta yadda nake yi a wuyan gora, ta wuce. Bakin gilashin yana cin fatata, kumatuna a manne da rufin mota mai zafi, ba na ganin komai, sai lalube. Yatsuna suka taɓa maɓallin, man ya sa suka sulɓe. Na goge su a jikin ƙofa na sake kamawa, na ja. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba, amma kowa ya ji ta.

Abin da Baba ya fara ɗauka hularsa ce. Ya juye mabuɗin a tafinsa, ya sa ta, ya dubi hannuna da ke jini-jini ya ce, "Yau dai maigidanta ya yi mata aiki." Muka kama hanyar Tsafe. Mun tarar ana kiran la'asar. Aka karɓi yadin aka shiga da shi, aka yi mata sutura, kuma Baba ne ya shiga kabari ya karɓe ta da hannunsa.

Baba ya koma Tsafe da zama da ya tsufa, a can ya rasu daminar bara, jim kaɗan bayan la'asar. Ina Bungudu ƙanena ya kira ni. Ya ce za su kai shi kafin magariba, kada in taso, don hanyar yanzu ba a binta in rana ta yi sanyi. Ina da motata, irin wadda ake danna mabuɗi daga nesa ta buɗe kanta. Na buɗe, na shiga, na daɗe zaune da mabuɗin a hannu, sannan na fito. Da safe na je na tsaya a kan sabuwar ƙasa.

Da aka raba kayansa, hular na roƙa. Tana rataye a ɗakina, wani lokaci in na dawo daga masallaci nakan sa hannu a cikinta, ban san abin da nake nema ba. Hannun ya yi kauri yanzu, ba gorar da zai shiga.