Hon Biyu, Batir Ɗaya

Ban yi zaton abin zai yiwu ba. Shekara shida na yi ina karatu a Malesiya, kuma gasar kacici-kacicin da na saba gani a can a babban zaure ake yin ta, da fitilu da na'urar da ke nuna wanda ya riga danna makunni. Da aka ce mini wani makaniken injin ban-ruwa a Argungu zai shirya irinta da batirin babur, na taso daga Birnin Kebbi ne don in ga ta inda za ta watse.

Sunansa Tamba. Shekararsa arba'in da bakwai, ashirin daga ciki ya yi su yana bin fadama yana gyara injinan manoman shinkafa. Manoma na cewa tun daga bakin hanya yake jin ciwon inji, ya faɗe shi kafin ya sauka daga babur. A aji huɗu ya bar firamare, amma shirin tambaya da amsa na rediyo ba ya wuce shi.

Wata biyar ya yi yana zarya gidan mai unguwa Maigandi kafin a ba shi filin makaranta. Tun da wasan ƙwallo tsakanin samarin unguwar da na Gulma ya ƙare da jifa, dattijon ya hana duk wani taron matasa. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: in aka yi rigima, an rufe maganar har abada. Tamba kuwa Gulman ya gayyato.

Komai na aro ne. Bencina na makaranta, lasifika ta Islamiyya, kyautar buhun shinkafa daga wani manomi. Ya ciro hon biyu daga matattun babura, ya ɗaura ɗaya a gaban kowace tawaga, ya jona su duka a tsohon batir ɗaya. Malamai uku suka rubuta tambayoyin, shi ya riƙe alƙalanci.

Aka fara bayan azahar. Kafin la'asar maki ya zo daidai, tara da tara, saura tambaya ɗaya. Mai danna hon na Argungu Mansura ce, 'yar Tamba ta cikinsa. Na Gulma wani dogon saurayi ne, Izzuddeen. Mutane sun tashi daga bencina sun matso. Na lura mai unguwa ya jawo sandarsa ya ɗora a cinya.

Malami ya karanta: "Wane kifi ya fi girma a gulbin nan?"

Babu wanda bai san giwan ruwa ne ba. Hannu biyu suka sauka kamar tare, ƙara ta tashi a cakuɗe. Kunnena bai raba komai ba.

"Gulma ta riga," in ji Tamba.

Filin ya ɗauka. Wani daga 'yan Argungu ya hau benci. "Haba Malam Tamba! Ɗiyarka fa! Kunyar baƙi za ka ji, ka kashe mu gida?"

Wani ɗan Gulma ya mayar masa: "Ku tafi ku koyi danna hon, sannan ku zo."

Sai na ga samari biyu sun nufi tarin bulon da ke gindin katanga. Mai unguwa ya miƙe tsaye. Kallon Tamba kawai ya yi, ya juya zai tafi.

Tamba ya fizge makirfo daga hannun malamin. "Ranka ya daɗe, minti guda! Kai da ke bisa benci, Abbas, sauko. Ba ni ba na gyara maka inji jiya? Zo ka danna da hannunka."

Abbas ya sauko yana huci. Tamba ya sa shi ya danna hon ɗin Argungu ya riƙe, shi kuma ya danna na Gulma bayansa. Na farko ya yi kuka sosai, na biyu sai ƙugi kamar akuya mai mura. Aka juya, Gulma ta fara. Yanzu na Argungu ne ya shaƙe.

"Batirin ga ya tsufa," in ji Tamba, gumi na zuba a wuyansa. "Bai iya tada hon biyu. Wanda ya riga shi ka shanye wuta. To ku da kunka ji, wane ya shaƙe ɗazu?"

Samarin nan suna tsaye kusa da bulo, ba su ɗauka ba, ba su dawo ba. Kowa na jiran wani ya fara magana.

Mansura ce ta ɗaga kai. "Nawa ne, Baba. Na ji shi ƙarƙashin hannuna."

Wani ya yi dariya daga baya, wasu suka bi shi. Abbas ya yi tsaki ya ce a sayi batirin kirki badi. Mai unguwa ya daɗe yana duban wayoyin da ke ƙasa, sannan ya koma ya zauna. Izzuddeen ya ba da amsa, aka ɗora buhu a babur, aka kira la'asar.

Bayan salla na sami Tamba yana naɗe waya. Na ce, "Malam Tamba, tun farko ka san batirin zai raba gardama, shi ya sa ka jona su tare?"

Ya girgiza kai. "Ina fa. Guda nike da shi. Shekaranjiya wurin gwaji na gane, na kwana ina roƙon Allah kar ya mutu kafin a tashi."